Direba, Akwai Sauka!

Badujalar makarantarmu ta yi suna a Abuja, amma ba sunan arziki ba. Duk gasar faretin makarantu mu ne na ƙarshe. Malaminmu na farko allo yake cikawa da ɗigo-ɗigon rubutun kiɗa, ya yi ta ƙirga har mu fara hamma. Ni mai babbar ganga ban taɓa gane komai ba, jibga kawai nake yi.

Da abin ya ishi shugaban makaranta, sai ya rantse in muka sake zuwa na ƙarshe zai kulle kayan kiɗan a sito. Hankalina ya tashi, don gangar nan ce ke fito da ni daga gida da murna.

Ana haka aka kawo mana wani tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya daga badujala. Ranar farko ya hana mu taɓa komai. Ya ce, "'Ya'yana, me yaran mota ke faɗa a tasha?"

Muka ɓarke da ihu. Lokacin gari na ta cika, kowa a bas yake zuwa, kiran nan a bakinmu yake. Ya raba mana: masu ƙananan ganguna "Abaji-Abaji-Lokoja", masu ƙaho su ja "Jiiiwa", ni kuwa "Ɗaya ya rage!" Muka yi ta zagaya fili muna kira kamar sababbin kwandastoci. Da ya mayar mana da kayan, wallahi hannuna da kansa ya san hanya. Na ji kiɗa na gaske yana fita daga jikinmu, har tsigar jikina ta tashi.

Matsala ɗaya ta rage. A tsakiyar taken da za mu buga a gasa akwai wurin da kowa zai yi tsit, mu kuwa kullum sai mun yi riga malam masallaci. Tsohon ya ce, "A nan ku faɗi 'Direba, akwai sauka' a zuci, sannan ku buga."

Ranar gasa muka shigo fili muna taku ɗaya, mutane suka miƙe. Daɗi ya ɗebe ni. Da muka iso wurin shirun, sai na ji muryata ta tsaga filin: "Direba, akwai sauka!"

Na ce shi ke nan, na kashe mu. Amma sandunanmu suka sauka tare, daram, daidai kan lokaci. Filin ya kece da dariya da tafi, har alƙalan gasar suna riƙe ciki.

Mu muka zo na uku. Ina tsalle ina kuka, sai ga shugaban makaranta ya tunkaro ni fuska a murtuke, ya miƙo hannu. Na ƙanƙame gangar.

Ya ce, "Ke, kawo in ɗaukar miki zuwa mota. Kin gaji, ga shi Litinin akwai atisaye."