Daga Legas Ba a Ganin Mu'azu

In ka bi ta Gyadi-Gyadi, ka wuce layin masu gyaran waya, za ka ga wani shago mai labulen leda, samari sun cika shi suna ihu kamar ana raba musu gado. Shagon wasan kwamfuta ne. Mai shi kuwa Mu'azu, wani dogo mai wuyan zalɓe, wanda in ka gaishe shi sai ya amsa wa takalminka. Daga wani ƙauye a ƙasar Rano ya shigo Kano. Ya ja adaidaita sahu har bayansa ya ce a kai kasuwa, ya koyi gyaran waya, ya kashe na bayin Allah da dama kafin hannunsa ya faɗa, sannan ya buɗe shagon nan. Birni ya canza masa sutura, ya canza masa sana'a, amma akwai kaya guda da ya ɗauko daga ƙauye bai taɓa saukewa ba: kunyar ɗan fari.

Ɗan farin nasa Anas ne. Ku dai kun ji sunan, amma bakin Mu'azu bai taɓa furta shi ba. "Yaron nan," shi ke nan. Ba ɗauka, ba hira. In zai aike shi sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa wani ya kawo ruwa," alhali su biyu ne rak a ɗakin. Haka ubansa ya yi masa, shi kuma ya riƙe abin kam kamar wasiyya.

To amma so ba ya rasa ɓarauniyar hanya. Akwai wani wasa da ake sare itace, a haƙo dutse, a gina gida. In Anas ya taso daga makaranta sai ya zauna a wannan allo, uban a wancan, sun ba juna baya, amma a cikin wasan gari ɗaya suke. Mu'azu ya saro itace ya zuba a wani akwati a ƙofar ginin yaron, ya wuce kamar bai san wanda ya zuba ba. Yaron ya kwashe ya ɗora bango. Hirarsu ke nan, kuma wallahi ta fi ta wasu masu baki har kunne.

Ana cikin haka aurensa da Sa'adatu, uwar yaron, ya mutu. Ta auri wani ɗan kasuwa a Agege, can Legas. Da manya suka tambayi Mu'azu ko zai riƙe ɗansa, me kuke tsammani? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Su tafi da shi mana, me zan yi da shi?" Aka yaba masa da kara. Aka tafi da yaro Legas, gidan cikin wasa ko rufi ba a yi masa ba.

Garin nan na wasa yana cikin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin Mu'azu. Sai ya ƙudura zai mai da ita saba, wato ya buɗe ta yadda na nesa zai iya shigowa ta intanet. Ya shiga cikin rauta, na'urar da ke raba intanet a shagon, ya buɗe fot, ƙofar da wasan ke bi. Ya kashe fayawol mai gadin kwamfutar gaba ɗaya, ko ɓarawo ne ya shigo, in dai za a shigo. Ya ce wa samarin shago su duba.

"Oga, ga shi nan ɓaro-ɓaro, muna gani!"

Ina ba za su gani ba, su da ke zaune a kan intanet ɗin shagon? Ai na cikin ɗaki ba shi ake tambaya ko ana ganin gida daga titi ba.

Saƙo zuwa ga yaron kuwa, wato lambar da zai sa ya shigo garin, sai ya bi ta Daurawa, gidan yayarsa Binta mai sai da zannuwan gado, ita ta tura wa Sa'adatu, Sa'adatu ta nuna wa Anas. Amsa ta biyo wannan doguwar hanya ta dawo.

"Ya ce bai gan ka ba," in ji Binta.

"Yaya, me allon ya rubuta masa?"

"Oho! Ni na haife shi? Ga lambar uwarsa nan, ba cizo take ba."

Mu'azu ya koma ya sake lambar fot. Ya sake rauta. Ya ɗaga ta saman kwano, ya sauko da ita. Akwai wani shafi da ke gwada maka ko ƙofarka a buɗe take daga waje. Duk sanda ya gwada sai ya ce masa a rufe, da jan rubutu, kamar makin ɗalibin da bai yi karatu ba.

Da abin ya ishe shi ya kira Chike, abokinsa tun zamanin gyaran waya, haifaffen Kano, mai haɗa wa ofisoshi intanet a Hotoro. Chike ya dubi lambar da aka tura Legas ya kwashe da dariya.

"Malam Mu'azu, wannan ai adireshin cikin gida ne. Ka ce wa baƙo ya same ka a ɗakin tsakiya, ba ka faɗa masa unguwa ba."

Suka nemo adireshin waje. Chike ya gwada daga wayarsa, shiru. Ya leƙa cikin rautar, dariyar ta ɗauke.

"Layin waya kake amfani da shi, ko? To ka huta. Kamfanin nan gidan haya ya zuba ku, ku dubbai, lambar gida ɗaya. Kai kana iya fita ka dawo. Amma baƙo in ya ƙwanƙwasa, mai gadi bai san ɗakin wa zai kai shi ba, sai ya kore shi. Ko fot ɗari ka buɗe, babbar ƙofar ba taka ba ce."

"Babu dabara?"

"Akwai. Wata 'yar manhaja ce, ka sa a nan, Anas ya sa a can, ta haƙa muku hanya ta ku biyu. Sai dai fa a baki ake yi. Ka kira shi: danna nan, me ka gani, koma baya. Kafin shayi ya huce kun gama."

Mu'azu ya dubi fanka.

"Kai, wai har yanzu?" in ji Chike. "Ni ɗan farina a wuyana yake hawa, bai hana shi gaishe ni ba."

Aka gwada ta bakin Binta. Mu'azu ya faɗa, ita ta maimaita a waya, kafin magana ta isa Agege ta zama wani abu dabam. Ta ce a danna abin da babu shi, yaron ya goge abin da ake nema. A zama na gaba Binta ta gaji. Ta kira, ta ji muryar Anas, ta buɗe sautin, ta danƙa wa ƙaninta wayar a hannu, ta naɗe nata hannuwan.

"Baba?" in ji muryar. Ta fara buɗewa, muryar, ta soma zama ta saurayi. "Baba, kai ne?"

Mu'azu ya kai wayar kusa da bakinsa. Duk matakan suna kansa, ya haddace su kamar karatun allo. Ya buɗe baki, ya juya wajen Binta ya ce, "A tambaye shi ko yana cin abinci."

"Ka tambaye shi mana, ga shi a hannunka! Wannan ba kunya ba ce, Mu'azu, ciwo ne."

Can ɓangaren ƙarar motocin Legas na tashi. Yaron ya jira, ya ba uban dama har ta yi yawa. Sannan ya ce, a hankali, cikin ladabi, irin wanda aka koya masa, "Gwaggo, ki ce wa Baba ya daina wahalar da kansa. Abokaina a nan wani wasan suke yi."

Chike ya sa manhajar a kwamfutar shago duk da haka, ko Allah zai sa. Rabin hanya ke nan, ta tashi daga Gyadi-Gyadi ta tsaya a sarari.

Har yau sabar tana kunne. In an ɗauke wuta, ita Mu'azu ke fara jona wa batir kafin fanka, samari na zufa suna tsine wa zafi. Sun sha roƙonsa ya bar su su ƙarasa ginin nan, ya ce kada wanda ya taɓa, rufi aikin wani ne. In shago ya yi sauƙi sai ya shiga, ya saro itace, ya kai ƙofar. Akwatin ya cika tuntuni, ba ya karɓa. Sai ya ajiye a ƙasa, ya ɗan tsaya, ya juya wa gidan baya kamar yadda ya saba.