Kawu Ilu da Layin Giwa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Ilu a Gyadi-Gyadi ya san ba a tafin hannu gaisuwar take ƙarewa ba. Zai riƙe ka da dama, ɗaya hannun kuma ya lallaɓa ya kama maka wuya, yana latsa ƙasan haɓa da bayan kunne, idonsa a sama kamar mai zaɓen kankana. In bai ji komai ba sai ya sake ka ya ce, "Wuce, yau kana layin giwa."

Ƙanin mahaifiyata ne. Sankara ce ta ɗauke masa uwa, ta dawo ta ɗauki tawa. Tun daga nan tsoron ciwon ya zauna masa a ƙirji, mu ma ya raba mana, kowa da kasonsa.

A gidan zu ya yi aiki har ya yi ritaya, yana ba dabbobi abinci, yana kuma kama wa likitansu in za a feɗe wadda ta mutu. Can ya ga cikin wani tsohon zaki duk ƙari. Likitan ya gaya masa giwa, duk girman jikin nan nata, ba kasafai take kamuwa ba, haka ma kunkuru. Kare in ya tsufa yana yi, tsofaffin kaji masu ƙwai kuwa ba a magana. Shi ke nan Kawu ya jera halittun Allah layi-layi, da mu a ciki. Layin kaji ne ba ya so ko a ambata.

Da yake giwa ganye take ci, sai ya yi sallama da nama. Ranar Babbar Sallah matarsa Inna Lami tana suya, gida ya ɗauki ƙamshi, shi yana gefe da kwanon zogale yana hararar kowa.

Ta ce, "Malam, ragon nan fa ciyawa ya ci har aka yanka shi."

Ya ce, "Shi ya ci ciyawa, ke kuma kin ci shi. Kin koma zaki ke nan."

Romo dai yana sha, wai wannan ruwa ne.

Wata rana mun hau adaidaita daga Unguwa Uku. Ina lura Kawu ya ƙura wa ƙeyar direban ido. Kafin in ankara ya miƙa hannu ya cafki wuyan bawan Allah. Mutumin ya saki salati, saura ƙiris mu shiga kwata.

"Baba, ƙwace ne?"

"Kalli titi, ɗana. Akwai ɗan tudu a nan, juyo da kanka hagu."

"Ƙurji ne, Baba, aski ne ya fito min da shi."

Kawu ya ƙara latsawa ya ce, "To wuce. Amma ka canja wanzami."

Dariyar ta fara raguwa ne ranar da tsohon likitan nan ya kawo masa ziyara, ya tarar da shi kan kwaɗon rama. Ya ce, "Ilu, ba ganye ne ya tsare giwa ba. A jikinta Allah ya zuba masu gadi da yawa, da ƙwayar halitta ta fara lalacewa sai su kashe ta. Namu kaɗan ne."

Kawu ya ajiye lomar. "Ba a dasa wa mutum su?"

"Ba a yi."

"To ramar da na yi shekaru ina ci fa?"

"Ai ka samu lafiyar ciki."

Kowa ya yi dariya ban da shi. Ni sai daga baya na tuna cewa tun kafin ranar ya fara naɗa rawani, ana tsakiyar zafin bazara. Mun ɗauka sabon salo ne, yaran layi har suna ce masa mai unguwa.

Wata Juma'a na zo gaishe shi, tsokana ta sa na ce yau sai na rama. Na cusa hannu ƙarƙashin rawanin. Abin da na taɓa ya kai ƙwan kaza, ga tauri, ba ya motsi. Ya damƙe hannuna.

"Nura, kada ka gaya wa Lami."

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun damina."

"Me ya hana ka zuwa asibiti?"

Ya ce, "In na je za su faɗa."

Sun kuwa faɗa, suka ƙara da cewa mun makara. Mutumin da ya latsa wuyan rabin Tarauni, nasa ne kaɗai ya ɓoye. A gadon asibiti ya kalle ni, duk ya rame, ya ce, "Ashe a layin kaji nake. Da na sani na ci tsirena." Muka yi dariya har ta koma mana kuka. Sannan ya ja ni kusa ya ce, "Jinin ɗaya ne. Kai in ka ji naka, kada ka naɗa rawani."

Makon jiya ina alwala na ji wani abu a ƙasan haɓata, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Zuciyata ta ce in bari tukuna, wataƙila ya baje. A ranar na gane Kawu ba wauta ya yi ba, tsoro ne, irin wanda yake sa ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum. Haka na ja tawa na tafi asibiti. An ɗebi kaɗan an kai gwaji, sakamako bai fito ba. Ina jira, wuyana a buɗe, kuma babu mai latsawa ya ce min in wuce.

Allah ka jiƙan Kawu Ilu, ka sa ciwon ya zame masa kaffara, ka kwantar da shi inda babu tsoro. Mu kuma da muke jira, ka ba mu lafiya.