Garin da Aka Haifi Inna

Shekara ashirin da bakwai na yi a bayan teburi ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ina rubuta wa mutane takardar shaidar asali. Ka kawo wasiƙar mai unguwa da ta dagaci, in duba, in tambaye ka sunan ubanka da na kakanka, in buga hatimi, in kai a sa hannu. Aikin ke nan. An san ni da taurin kai, kuma ban taɓa musu ba. Na mayar da mutane da yawa gida hannu rabbana, har da surukin ƙanena, wanda har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata. In takarda ba ta cika ba, to ba ta cika ba, ko wa ya aiko ka.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Tun da na kama aiki ta laƙaba mini Ma'aikaci, kuma in ta faɗa kana jin zolayar a ciki. Burinta ɗaya a duniya, ta ga Ka'aba da idonta. Baba ya rasu bai je ba, abin ya tsaya mata a rai. Da likita a Jahun ya duba ƙirjinta ya ce in akwai wata doguwar tafiya a yi ta da wuri, sai muka haɗu, ni da ƙannena, muka ce bana Inna za ta sauke farali. Ranar da muka gaya mata, tashi ta yi ta shiga ɗaki ta daɗe.

Kafin fasfo sai da lambar ɗan ƙasa, don haka na ɗauke ta zuwa Dutse. Wata matashiya ce a gaban kwamfuta, mai ladabi, ta gaishe ta har da russunawa. Suna, sunan uba, sai ta ce, "Inna, a ina aka haife ku?"

Inna ta faɗi sunan ƙauyensu.

"A wace ƙaramar hukuma yake?"

"A'a, 'yar nan, ai ba nan ba ne. Can Faransa ne, ƙasar Damagaram."

Haka tsofaffinmu suke kiran Nijar. Yarinyar ta ɗage hannu daga kan kwamfutar ta dube ni, ni kuma na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Wallahi ban taɓa kawo wa raina ba. Na san Baba ya auro ta daga arewa lokacin da yake fataucin kanwa. Na san Kawu, yayanta, yakan zo mana duk rani da dabino da cuku a jakar fata. Amma a wurinmu garinsu Inna ne kawai, kamar yadda ake cewa garinsu wance Taura ne ko Miga. Ni da nake tankaɗe asalin mutane kullum, ban taɓa tsayawa na dubi na uwata ba.

Yarinyar ta yi mana bayani a hankali. Matar ɗan ƙasa tana iya neman zama 'yar ƙasa, doka ta ba ta wannan, amma sai ta nema, kuma a Abuja ake yi. Na zauna na karanta abin da ake buƙata: takardar aure, takardar haihuwa daga ƙasarsu, wasiƙar miji. Tirƙashi! Miji yana kabari. Aure kuwa a zaure aka ɗaura shi, aka raba goro aka shafa fatiha, kuma waliyyai da shaidu duk sun riga mu gidan gaskiya. Na je Abujar da kaina, ba wanda ya wulaƙanta ni, amma maganar ɗaya ce: a kawo takarda daga inda aka haife ta.

A motar dawowa raina ya yi ta tafasa. Matar nan ta fi shekara hamsin a ƙauyenmu. Ta haifi tara, ta binne uku a ƙasar nan. Duk zaɓe sai an turo mota an kwashe su ita da tsofaffin unguwa, ta tsaya a rana ta dangwala, ba a taɓa tambayarta inda aka binne cibiyarta ba. Sai yau da ita take son abu ɗaya daga hannun gwamnati aka tuna cewa baƙuwa ce. Kuma abin haushin, ba ni da wanda zan zaga, don da ni ne a kujerar yarinyar nan abin da zan faɗa ke nan.

Na kira Kawu a waya. Ya ce a can ma ba ta da takarda, wa yake yi wa 'ya mace takarda a wancan zamanin? Amma alƙalinsu yana bayarwa in ita ta zo da kanta, tare da wanda ya san haihuwarta. Shi ya sani, don yana da wayo lokacin, har ya tuna ragon sunan. Shi kaɗai ya rage. Muka ajiye magana za mu je in an gama noman biyu.

Kafin ranar ta zo sojoji suka karɓi mulki a can, manyanmu na nan suka fusata, aka rufe iyaka. Rediyo ya cika da maganar takunkumi, har ana batun yaƙi. Inna tana tsintar wake tana saurare, ta ce, "Ma'aikaci, yaƙi da su Yaya za a yi?" Na ce manyan ƙasashe ne suke saɓani. Ta ce ita dai ba ta ga wanda ya yi faɗa da wani ba.

Duk da haka na ɗauke ta muka tafi Maigatari, bakin iyaka, ina ganin ko za a ji tausayin tsohuwa. Manyan motoci sun yi layi, albasa tana ruɓewa a cikinsu, warin har cikin gari. Jami'in da na samu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma kakarsa daga can take, amma umarni daga sama yake. Muna juyowa 'yan acaɓa suka kewaye mu, kowa yana cewa zai bi da mu ta daji, kafin la'asar muna can. Ga mutane nan muna gani suna hawa, mata da goyo, da buhuna.

Inna ta gyara mayafinta ta ce, "To mu hau mana. Ai ta dajin nan aka kawo ni a kan jaki, ba wanda ya tare mu."

Na ce a'a. Na ce ƙirjinta ba zai ɗauki jijjiga ba, kuma gaskiya ne. Amma ba shi ne dalilin ba, in zan faɗi tsakani da Allah. Dalilin shi ne ni ma'aikacin gwamnati ne, gwamnati ta ce an rufe, kuma ba zan yarda a kama ni a hanyar sumoga da uwata a bayan babur ba. Na ce mata kwana nawa ne, za a buɗe. Ta dubi hanyar ta daɗe, sannan ta ce, "Yadda ka gani." Muka hau mota muka dawo gida.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shiga, ba a buɗe ba. A cikin sanyin nan Kawu ya rasu. A waya aka gaya mata, a waya ta karɓi gaisuwar 'yan uwanta, tana zaune a kan tabarma tana cewa amin, amin. Ba ta taɓa cewa ni na hana ta ganinsa ba, ko da wasa. Ni dai na sani.

Da aka buɗe iyakar na je ƙauyen ni kaɗai. Na zaga gida-gida, kowa ya san labarinta, amma ba wanda ya girme ta. Na dawo ba komai a hannuna.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je wa mai unguwa, kafin in rufe baki ya ce, "Haba, ai Inna tamu ce, wa zai ce ba 'yar garin nan ba ce?" Dagaci ma haka. Na zauna a teburina na cike takardar da hannuna, a layin wurin haihuwa na rubuta sunan ƙauyenmu, na buga hatimi. Da wannan takarda, a wani ofishin da ba a san mu ba, cikin 'yan makonni komai zai kammala.

Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Na durƙusa na miƙa mata na ce, "Inna, an samu. Bana da ku za a tafi, in Allah ya yarda."

Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta juya ta, ta shafa wurin hatimin. Ba ta karanta boko. Ta miƙo mini ta ce, "Karanta mini."

Da na so, da na tsallake layin, ba za ta sani ba. Amma ban taɓa yi mata ƙarya tana kallona ba. Na karanta duka.

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare, sannan ta ce, "Wannan baiwar Allah da aka haifa a garin nan, Allah ya ba ta Hajji karɓaɓɓe. Ka kai mata takardarta. Ni ban san ta ba."

Ranar na ɗaga wa uwata murya, abin da har in mutu zan yi ta istigfari a kansa. Na ce kowa haka yake yi. Na ce rabin garuruwan iyaka da irin wannan takarda suke yawo. Na ce na zubar da mutuncin shekara ashirin da bakwai saboda ita, layi ɗaya ne a takarda, Allah ya san gaskiya!

Ta bar ni na gama. Ta ce, "To ai shi ya sa, Ma'aikaci. Gidansa za ni. In na tsaya a Arfa zan roƙa wa babana gafara, da innata, da Yaya. Da wane baki, bayan na ce ban fito daga garinsu ba don a bar ni in hau jirgi?" Ta ja kwaryar gyaɗar gabanta. "Kai ma ban haife ka don ka yi wannan ba. Je ka yaga."

Na fita bayan gida na yaga, na zauna a gindin katanga na yi kuka kamar yaro.

Na ci gaba da rubuta wasiƙu. Na nemi alfarma a inda ban taɓa nema ba, aka yi ta ce mini ana dubawa. Maniyyata suka tashi daga Dutse a shekarar ba ita, a ta gaba ma ba ita. In maƙwabta za su tafi takan sa a raka ta ta yi musu sallama, ta ce su gaishe mata da Manzon Allah. Bayan babbar sallar bara da kwana tara ƙirjin ya tashi da safe, kafin a samo mota ta cika.

Bayan sadakar bakwai na je na nemi takardar shaidar mutuwa. Ba wanda ya buƙace ta, ba gadon da za a raba a kotu, ƙannena ma sun yi mamaki. Na karɓi fom na zauna a benci. A layin asalin mamaci na rubuta sunan ƙauyensu, da ƙasar Damagaram, da Nijar, baƙi-baƙi yadda kowa zai iya karantawa. Na miƙa ina jiran a yi mini tambaya. Magatakardan bai ko ɗago kai ba, ya buga hatimi ya ce Allah ya jiƙanta, ya kira na bayana.