Wutar da Kakata Ta Gani a Bango

Tun ina yaro nake jin ana tsokanar kakata da maganar wutar bango. Wai tana yarinya, lokacin suna zaune a Riruwai, ta kai nono gidan Baturen kuza, ta leƙa ta taga ta ga wuta na ci a cikin bangon falo, Baturen ya miƙe ƙafa a gabanta hankali kwance. Da ta faɗa a gida, yayanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ke nan, duk wanda ya shara ƙarya a danginmu sai a ce, "Wannan ma wutar bango ce." Takan yi murmushi, amma na san abin yana ci mata rai.

Da na sayi akwalar motata na ce, "Amarya, ina zan kai ki?"

"Riruwai, angon ƙarya, in motar taka za ta iya hawa."

Gidan yana nan a kan tudu, ginin dutse, baranda ta kewaye shi, kwano duk tsatsa, tagogi sun fi ni tsawo. Mai gadi ya buɗe mana. Ciki sanyi kamar randa, bango ya fi kamu kauri. Muka zagaya ɗaki-ɗaki, ba komai sai kashin jemage da buhunan masarar mai gadin. Sai na ce a raina: In babu fa?

Sai ta fita, ta bi baranda, ta tsaya a wata taga ta nuna. "Ku kawar da buhunan can."

Muka kawar. Ga shi kuwa, kogo a jikin bango, baƙi ƙirin, da hanyar hayaƙi har rufi.

"Murhun jin ɗumi ne, Inna," in ji mai gadi. "Sanyin dutsen nan ba wasa ba."

Tsohuwar nan har da 'yar rawa. Ta shafo baƙin ta goga a farin mayafinta.

Muna isa Burumburum, garin da yayanta yake, ta wuce wurinsa, yana zaune a gindin darbejiya, ta baza masa mayafin. Na ce, "Kaka, da idona na gani."

Ya daɗe yana kallo. "Ashe da gaske ne. Ki yafe ni."

"Na yafe. Amma sake faɗa, ka san kunnena ya yi nauyi."

Ya sake faɗa, suna dariya, tana share hawaye. Har ta rasu ba ta yarda an wanke mayafin nan ba.