Inna da Yaya a Hoto Ɗaya

Kyamarar ta babanmu ce. A aikin hajjinsa ya sayo ta tun kafin a haife ni, ya ɗan yi marmarinta, sannan ya jefa ta cikin adaka ya koma kan audugarsa. Da aka buɗe adakar bayan rasuwarsa, kowa ya kai hannu kan riguna da huluna, ni kuma na ɗauki wannan baƙin ƙarfe mai nauyi da igiyar fata. Ba wanda ya yi mini gardama a kanta. Ni ce auta, kuma gidan sun daɗe da sanin cewa in na ƙwallafa rai a kan abu, ƙyale ni shi ne zaman lafiya.

Wani tsohon mai hoto a Funtuwa, inda nake koyarwa, shi ya goge mini ita, ya nuna mini yadda ake zura fim da yadda ake murɗa shi bayan kowace ɗauka. Ya gaya mini gaskiya cewa yanzu ba mai wanke irin wannan a kusa da mu, sai dai a ba direba ya kai Kano, a zauna jira na makonni. Ya kuma ja mini kunne cewa ba ta da fitila. In rana ta yi sanyi, in mayar da ita jaka, don ɓata fim kawai zan yi.

Duk hutu da ita nake zuwa gida, ƙauyenmu da ke bayan Ƙarfi. Da na danna ta yi ƙyas, sai yara da matan gida su yo kaina, kowa na cewa mu gani. In ce sai an wanke, su watse suna tsaki. Matar Yaya, babban wanmu, ta ce ita ba ta taɓa ganin hoto mai goyon ciki ba sai nawa. Inna kaɗai ba ta yi mini ba'a. Ba ta yarda a nuna ta da waya, ta ce ba za a yi yawo da fuskarta a aljihun mazan duniya ba, amma wannan ta maigidanta ce, ta san ta, tana tsaya mata.

Na ɗauki gidan nan ta kowace fuska. Akwai Inna tana sheƙar dawa, ƙaiƙayi ya rufe mata ɗankwali. Akwai yara sun haye tulin masara da kaka. Akwai Yaya goye da injin feshi a bakin gona yana washe baki. Har ni ina ciki, ƙatuwa da ni, kwance a cinyar Inna tana tsefe mini kai, matar Yaya ce ta danna ta kusa yanke mana ƙafafu.

Abin da babu shi ne Inna da Yaya tare, kuma ban lura ba, don a wurinmu ba abin lura ba ne. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ko mai irin sunansa ya shigo gidan, sai ta laƙaba masa wani. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Bakori, bai dawo ba sai da ya isa riƙe garma. In ya zo gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta sunkuyar da kai kan abin da ke hannunta, ta amsa a taƙaice, ya tashi. In maganarsa ta kama, sai ta ce yayanku. Matan unguwa suna yaba mata, suna kafa misali da ita ga matan yanzu masu rungumar 'ya'yansu na fari a gaban surukai. Ni ma na taso ina alfahari da hakan, shi kuma Yaya bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

A wata damina ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya ce gajiyar noma ce, ya ci gaba da fita har sai da takalmi ya daina shiga. A asibitin Malumfashi aka ce ƙoda ce, aka tura shi Zariya. Wasu suka ce maganin feshi ne, wasu suka ce ƙwayoyin ciwon jiki da yake sha kamar gyaɗa in ya dawo daga gona. Ni dai ban sani ba. An yi ta kai shi wankin ƙoda har shanun huɗa suka tafi, babur ya bi su. Da aka fara zancen gonar fadama, sai shi da kansa ya ce a tsaya nan, ba zai bar 'ya'yansa ba ƙasa ba. Ya dawo gida ya kwanta a sashensa, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi.

Bayan an yi girbin masara na zo na same shi a jingine da bango, fuskarsa ta cika, wuyansa kuma ya zama siriri. Ya dubi jakar da ke kafaɗata.

"Auta, da sauran fim a abin nan naki?"

Na ce da saura.

"So nake ki ɗauke ni da Inna. Ni da ita, tabarma guda."

Dariya na yi, don Yaya mutum ne mai tsokana. Sai na ga shi bai yi ba. Ya ce ba na waya yake so ba, wanda ɓarawo zai tafi da shi ko ya faɗa rijiya. Na takarda yake so, wanda 'ya'yansa za su riƙe a hannu su ce ga babanmu, ga uwar da ta haife shi. Ya maida numfashi, sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa.

"Ban taɓa zama kusa da ita ba, kin sani. In ji yadda abin yake dai."

Na fito raina a jagule, na wuce kai tsaye madafa. Inna tana kwashe masa tuwo da miyar da ba gishiri. Tun da ya kwanta ita ke yi masa girki da hannunta, amma sai ta ba matarsa ta kai, kamar ba daga wurinta ya fito ba. Na faɗa mata saƙon ba tare da kwana-kwana ba. Ba ta ɗago ba.

"Ke ɗiyar nan, mi ke damun kanki? Da tsufana za ki maishe ni abin nuni a gari?"

Ni kuma bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na ce mata ba gari ne ya yi naƙudarsa ba, kuma ranar da za a fita da gawarsa, gari tuwonsa zai ci ya kwanta. Na ga hannunta ya tsaya a kan marar tuwo. Na ɗauka za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin da na fi jin daɗi. Sai kawai ta rufe kwanon ta tura mini, ta ce in kai wa yayana kafin ya huce.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ta shiga tsakani, duk da tana cikin masu yaba wa Inna a kan kunyar nan. Ta shiga ɗakin Inna ta daɗe. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai ga ta fito tana share hanci da bakin zane. Ta ce Inna ta yarda, amma da sharaɗi: kada a sami bare ko ɗaya a gidan, kuma kada a rataye hoton a bango. Muka zaɓi ranar kasuwa, don ranar ƙauyen yakan zama wayam, maza da mata duk sun tafi. Muka sa bayan la'asar, saboda da safe amai ke damunsa. Mu uku, ni da Gwaggo da matar Yaya, muka zauna muka yi wannan dabara, ba wadda ta tuna cewa ranar kasuwa ce kaɗai ake samun mota zuwa ƙauyenmu.

Da ranar ta zo, Yaya ya sa aka yi masa wanka, aka ciro farar shaddarsa ta Sallah. Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, hular kuma sai da aka ɗan naɗe ta daga baya. Muka rirriƙe shi muka fito da shi gindin rumbu, inda rana ke sauka sosai, aka shimfiɗa sabuwar tabarma aka tokare masa baya da buhun dawa. Ya zauna a gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen. Har tsokanata yake yi, wai in tabbatar na wanko shi fari tas ko da ƙarin sabulu ne.

Na leƙa ɗakin Inna na ga ta ɗaura atamfar da take ajiyewa don biki, har ta sa kwalli. Murna ta kama ni. Ta yafa mayafi, ta zo bakin ƙofa ta sa ƙafa ɗaya a takalmi. A daidai nan aka yi sallama daga zaure.

Surukar Yaya ce, uwar matarsa, da wasu mata na danginsu. Sun samo motar kasuwa daga Malumfashi suka ce bari su zo dubiya, ga lemo a leda, ga fura a kwano. Ba a korar mai dubiya, ba a kuma barinsa a tsaye a zaure. Kafin Gwaggo ta gama amsa sallamar, Inna ta zare ƙafarta ta koma ciki. Da ta sake fitowa, zanen gida ne a jikinta, da tabarmar baƙi a hannu. Ta shimfiɗa musu can nesa da rumbu, ta zauna cikinsu ta ba Yaya baya.

Suka ga shi cikin shadda suka yi ta hamdala, wai jiki ya yi kyau, ga shi har ya fito shan iska. Daga nan aka shiga lissafo magunguna, wannan ta san wani mai saiwa, waccan ta san wanda aka ba rubutu ya miƙe. Ni ina tsaye da kyamara a wuya ina kallon inuwar katanga tana cin tabarmar Yaya kaɗan-kaɗan. Na je na raɗa wa Inna cewa rana na tafiya, ta yi kamar da bango nake. Na ce wa baƙin kada fa mota ta tafi ta bar su, surukar ta ce kada in damu, direban ɗan unguwarsu ne, zai jira. Wallahi na kusa cewa su tashi su ba mu wuri. Na buɗe baki ke nan muka haɗa ido da Yaya, ya girgiza mini kai. Ko a wannan hali ba zai yarda a kunyata uwarsa a gaban surukarsa ba.

Inuwa ta kai masa gwiwa, gumi ya jiƙa wuyan rigar. Ya yafito ni.

"Ɗauka haka nan, Auta. Bayana ya gaji."

Ya gyara hula, ya ɗago kai ya yi murmushi iya ƙarfinsa, na danna. Baƙin suka ce mu gani, na ce sai an wanke, wannan karon ba wanda na yi wa dariya. Gwaggo ta ce ba komai, a sake gobe. Da gari ya waye shaƙuwa ta kama shi, bai ƙara iya zama ba. Inna takan zo ta tsaya a bayan labulen ɗakinsa ta tambayi matarsa ya mai jiki, ta juya. Kafin kasuwa ta sake zagayowa ya rasu.

A zaman makoki ban ga hawayenta ba. In mata suka durƙusa yi mata gaisuwa, sai ta amsa a hankali ta nuna musu Gwaggo da matarsa, kamar su ne masu rashin ita maƙwabciya ce. Suna fita suna cewa kai, wannan mata akwai dauriya, irinsu sun ƙare. Duk wadda ta faɗi haka sai in ji kamar in watsa mata ruwan butar da ke hannuna. Na tsani kunyar nan, na tsani masu yabonta, kuma a kwanakin nan na ji haushin uwata irin wanda ban taɓa zaton zan iya ji ba. Ana share makoki na tattara na koma Funtuwa, na ba direba fim ɗin ba don ina son gani ba.

Sai bayan sadakar arba'in hotunan suka dawo. Nasa guda biyu na sa aka wanko, da na zo gida na kai wa matar Yaya ɗaya, ta shige ɗaki da shi. Sauran na bar su a jaka, ban yi niyyar nuna wa Inna komai ba, gaisuwa ma a tsaitsaye nake yi mata. Da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta gidan ya yi tsit, ta kira ni ɗakinta. Ta tambaye ni ko an wanko. Na ce an wanko. Ta miƙo hannu.

Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa a kan gado, na masara, na yara, nata ma ba ta tsaya a kai ba. Da ta zo kan nasa sai ta tashi ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ga shi nan cikin farar riga, rabinsa a rana rabinsa a inuwa, yana kallonta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba yana raye. Ita ma ba ta kau da kai ba. Ta daɗe a haka har na fara jin nauyin tsayuwata.

"Ashe gemunsa ya yi furfura," ta ce.

Na ce ai ya daɗe da yi, tun shekaru kafin ciwon.

"Ban sani ba."

Ta kai hoton kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta sake kawo shi kusa. Sannan ta ce in miƙo mata tabaraunta a kan taga. Na miƙa mata, na fita na sakar mata labule.