Mas'ud Mai Caji da Zaɓen Mai Gemu

A Mairuwa duk mai babbar waya ya san rumfar Mas'ud mai caji. Manoma kan bar masa waya da safe, har da lambar buɗewa, su wuce gona. Shi ke zuba musu wa'azi a waya, shi ke karanta musu saƙo. Amanar nan ita ce jarinsa. In ka cire ta, ba shi da komai sai farantin sola biyu da baki. Rumfar ɗinkina na jikin tasa, don haka bakin nan ni ya fi addaba.

Kafin ya kama caji, ejan ne na wani ɗan takarar kansila. Ɗan takarar ya sha ƙasa, amma Mas'ud ya fito da aƙida guda: ba a faɗuwa zaɓe sai don sakacin ejan.

Sai Allah ya jarrabe shi da wani wasan waya na Amurkawa, wanda ake jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga. Mas'ud bai taɓa ganin filin ba ko a mafarki, amma in yana bayani sai ka rantse a can aka yanke masa cibi. A wasan kowane ɗan ƙwallo kati ne, kuma lokaci-lokaci masu bugawa a duk duniya kan kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci a fitar masa da sabon kati mai ƙarfi. Ɗan takarar Mas'ud wani ƙato ne da ya laƙaba wa Mai Gemu, tunda sunan gaskiyar ya ƙi zama a bakinsa. Da ya ga Mai Gemu ne na biyu a yawan ƙuri'u, sai jinin ejanci ya motsa. Ya ce min Turawa wasa suka iya, zaɓe kuwa su zo a koya musu.

Waya ɗaya, ƙuri'a ɗaya. To ga wayoyi jere a tebur, masu su na can suna huɗar masara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sauke wasan yana dangwalawa. Wadda ta cika, ya goge abin da ya ga dama don a samu wuri. Wannan shi yake kira tattara akwatuna. Har garin Ruwan Godiya ya aika da saƙo cewa caji kyauta ne ranar kasuwa.

Cikin wayoyin akwai ta Baba Mani, tsohon da bai iya komai a waya ba sai danna wuri guda: saƙonnin muryar ɗansa Yahuza, wanda 'yan bindiga suka kashe a gona bara waccan. Saboda su kaɗai yake kawo caji. Mas'ud ya ga tulin saƙonnin murya sun cinye wuri, ya share.

Mai Gemu ya ci zaɓe da ratar dubban ƙuri'u, wato ko Mas'ud barci ya yi da ya ci. Mas'ud na cikin nuna min katin yana walƙiya Baba Mani ya iso, ya ce ya danna inda ya saba, sai wani ƙato ya fito da sanda.

"Baba, ai ci gaba ne aka sa maka," in ji Mas'ud.

"Mi zan yi da wannan? Maido mani yarona."

Mas'ud ya yi ta latse-latse, amma muryar ba ta dawo ba. Na tsane shi ranar, kuma ban ɓoye ba.

Kafin Juma'a labari ya gama gari, kowa ya kwashe wayarsa ya koma wajen Salim, mai cajin bakin tasha. Mutum ɗaya ya rage masa. Kullum da hantsi Baba Mani na zuwa ya ajiye wayar a tebur, ya zauna a benci, don a saninsa wanda ya iya fitar da murya daga waya ya iya mayar da ita. Har yau Mas'ud ya kasa gaya masa. Sai dai ya ce sabis ne babu, ya dawo gobe.