Furofozal Mai Bangon Zinare

Shekara goma sha tara ke nan Baba Gam yana ɗaure wa mutane ilminsu. Shagonsa yana bayan ƙofar jami'a, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗaukar hoto, ɗan ɗaki ne wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Akwai injin yankan takarda, da matsi na ƙarfe mai hannu kamar sitiyari, da gwangwanayen gam jere a kanta, waɗanda saboda su ɗalibai suka laƙaba masa suna. Duk wanda ya gama digiri a wannan jami'a, sai kundin bincikensa ya bi ta ƙarƙashin matsin nan.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne yana karantawa. Kafin gam ya bushe akwai jira, shi kuwa ba ya iya zama haka kawai. Shi ma fa yana da digiri, a fannin kula da laburare, ya gama tun kafin ya yi aure. Aiki ne bai samu ba, ya koyi ɗauri, ya ce na ɗan lokaci ne, har furfura ta same shi a wurin.

'Yarsa ta fari, malamar asibiti, ita ta tono masa abin. Ta ga sanarwar ɗaukar masu digiri na biyu ta hanyar bincike, ta miƙa masa wayar cikin tsokana, ta ce tunda ya karanta kundin kowa ai sai ya rubuta nasa. Ita wasa take yi. Kafin sati ya zagayo Baba Gam ya cike fom.

Daga ranar mutumin ya daina taka ƙasa daidai. Sau uku maƙwabcinsa yana ɗaukarsa hoton fasfo, don duk lokacin da aka ce ya natsu sai dariya ta ƙwace masa. Ya sayi biro shida, ya jera uku a aljihun gaba. In ɗalibi ya kawo aiki yana kukan wahalar malamai, sai ya girgiza kai ya ce ai mu 'yan bincike sai haƙuri. A gida kuwa ya fara jan kujera kusa da taga yana buɗe littafi, yana leƙen maiɗakinsa ta saman shafi don ya ga ko ta lura. Ta lura sarai, ta ƙi ba shi wannan daɗin.

Sharaɗi ɗaya ne ya rage. Fom ba ya tafiya sai malami ya sa hannu cewa zai duba aikin, kuma a fannin adana littattafai Farfesa ɗaya ce tal, mace, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu a shekara. In ta ƙi, magana ta mutu, shi kuwa yana da shekara hamsin da ɗaya, bai jin zai sake samun wannan ƙarfin hali. Abin da za a kai mata shi ne furofozal, wato bayanin abin da mutum yake son ya bincika. Fom ya ce kada ya wuce shafi biyu.

Baba Gam ya karanta wurin ya yi dariyar kuskuren mai buga takarda. Shafi biyu? Shi da bincike dubbai suka bi ta hannunsa, bai taɓa ganin mai shafi biyu ba. Bincike babi biyar ne, da sadaukarwa, da godiya, da baƙin bango. 'Yarsa ta ce, "Baba, biyu fa suka rubuta." Ya ce mata ta bar wa masu sana'a sana'arsu.

Sati biyar ya yi yana rubutu, ya tara shafi ɗari da goma sha biyu, cike da manyan kalmomin da ya tsinta a kundayen mutane. Shafin godiya ne ya fi jawo rigima. Maiɗakinsa ta ce ita ba za a sallame ta da layi ɗaya ba kamar yadda ake yi wa matan mutane, sakin layi guda take so, kuma a ambaci haƙurinta da warin gam. Mai gyaran waya ya ji labari ya leƙo. Mai hoto ya tuna masa wahalar fasfo. Godiya ta kai shafi uku.

Sannan ya ɗaure. Bai taɓa yin ɗauri irin wannan ba, ya ɗinke da zare mai kauri, ya sa bango mai ƙarfi, ya buga sunansa da ruwan zinare. Da ya cire shi daga matsi ya ga sunan yana ƙyalli, sai ya zauna yana ta kallonsa. Murna ce tsantsa, irin wadda rabonsa da ita tun haihuwar 'yarsa.

Ranar Talata ya sa rigarsa mafi kyau ya hau bene zuwa ofishin Farfesa, yana gaida har waɗanda ba su kalle shi ba. Ita 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, kuma shi ya ɗaure mata kundin digirinta na uku shekaru goma sha huɗu baya. Ya ajiye littafin a tebur da hannu biyu. Ta ɗaga shi, ta jinjina nauyinsa, ta dube shi.

"Malam, wa ya ba ka izinin bango mai ƙarfi?"

Nan take ya ji zufa ta keto masa. Doka ce ta jami'a, ba a sa bango mai ƙarfi sai ɗalibi ya kare aikinsa gaban malamai an amince. Babu wanda ya fi shi sanin wannan, shi da ya sha mayar da ɗalibai masu gaggawa daga bakin shagonsa. Da abin ya zo kansa ko sau ɗaya bai tuna ba.

Ta buɗe babi na biyar ta ga ya kammala, har da shawarwari ga hukuma. Ta dawo gaba ta tarar da sunanta a godiya, an yaba mata bisa jajircewar da ba ta riga ta yi ba. Ta ce, "Ka gama bincike, ka gode wa kowa har da ni. To me ka zo nema a wurina?"

Ya ji kunya ta lulluɓe shi, ya fara tunanin yadda zai sauka benen nan ya wuce ta gaban mai hoto.

Tana shirin rufewa sai idonta ya faɗa kan shafin ƙarshe, wani jadawali da ya liƙa a rataye don kawai ya ga kowa yana sa rataye. Ta tambayi mene ne. Ya ce ba wani abu ba ne, ranki ya daɗe. Laburare kan kawo masa tsofaffin kundaye ya gyara, shi kuma yakan rubuta wanda ƙwari suka ci da wanda suka bari, da irin gam ɗin da aka sa. Na sitaci suna cinye shi tas. Amma akwai na wata shekara guda, kundi arba'in da ɗaya, duk na sitaci ne, shi ya ɗaure su da hannunsa, kuma ko ɗaya ba a taɓa ba. Yana magana ya manta da kunya, har ya ja kujera ya zauna ba a ce masa ba.

"Me ya hana su ci?"

"Wallahi ban sani ba, ranki ya daɗe. Shekara tara abin yana damuna."

Ta cire tabarau. Ta tambaye shi ko yana da wuƙa a jikinsa. Mai ɗauri ba ya rabuwa da 'yar wuƙarsa. Ta tura masa littafin ta ce ya kwance.

Ya tsaga bangon, ya yanke zaren da ya ɗinka da kansa, takardu suka baje a tebur. Ta zare wannan shafi ɗaya ta riƙe, ta ce ya ƙaro guda kafin azahar ɗin Juma'a, ya faɗi abin da bai sani ba da yadda zai gano shi, da irin bakin da ya yi mata magana yanzu.

Shafin nan ɗaya ya fi ɗari da sha biyun ba shi wuya. Ya rubuta ya yaga ya fi sau goma, maiɗakinsa na gefe tana jajen sakin layinta. Ranar Juma'a ya kai takarda biyu da ɗan fil a kusurwa, yana jin kamar ya fita ba hula. Farfesa ta karanta a tsaye, ta gyara kalma biyu, ta sa hannu.

Takardar shiga ta fito bayan wata biyu. Ranar darasin farko ya shirya tun da hantsi, ya ja ƙofar shago, sai ga wata ɗaliba da tulin takardu tana roƙon ya taimaka, sauri take. Ya ba ta haƙuri ya ce ta dawo da yamma. Ya yanko farin kwali, ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya liƙa a ƙofar, ya ja da baya yana karantawa yana dariya, hawaye na zubo masa. Ɗalibar ta matso ta karanta: Na tafi aji.